Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Daraktocin Firamare da Shugabannin APEE na Arewacin Kamaru: A Tambayi Iyaye Kafin a Kira Su Taro

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe daraktocinmu na Garwa, Marwa, Ngaundere da ƙauyukan da ke kewaye da su, da ku shugabannin ƙungiyar iyayen yara da malamai wadda kowa ya sani da APEE, da sufetocin gundumomi da ke sa ido a kanku. Muna gaishe ku da aiki, muna yi muku sannu da fama da yara.

Maganarmu a kan taron iyaye ce. Kun san yadda yake gudana a makarantu da yawa. A kira shi ƙarfe 9, a fara ƙarfe 11. Maza su zauna a bencin yara gwiwa na dukan tebur, mata su raɓe ta taga da goyo a baya. Darakta ya yi jawabi da Faransanci, wani ya taƙaita da Fillanci a jimla uku, ma'aji ya karanta lissafi da sauri, a yanke kuɗin bana, a ce "akwai mai magana?", mutum biyu da suka saba magana su yi, a shafa fatiha. Uwar da ta bar tallan ƙosanta ta zo don ta ji dalilin da ya sa ɗanta ya maimaita CE1, wato aji uku, za ta koma gida ba ta ko ga fuskar malaminsa ba. Baɗi ba za ta zo ba, sai a ce iyaye ba su damu da karatu ba.

Doka ba ta ɗauki iyaye a matsayin baƙi ba. Dokar tsarin ilimi ta 14 ga Afrilu 1998 ta lissafa su cikin masu hannu a harkar makaranta, dokar 19 ga Fabrairu 2001 kuma ta kafa majalisar makaranta da wakilansu a ciki. Tun shekarar 2000 aka soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati, amma kowa ya san da aljihun iyaye ake biyan malaman da APEE ke ɗauka, da shi ake gyara benci, da shi ake sayen alli idan kayan aikin da ake jira daga ofishin magajin gari suka makara. Mutanen da ke riƙe da makaranta haka sun cancanci a tambaye su abin da suke so daga taron da ake kiransu. Abin da muke roƙo ke nan: ɗan binciken jin ra'ayi, sau ɗaya ko biyu a shekara, wanda aka tsara shi daidai da mutanenmu.

Kuskuren farko da ake yi shi ne a buga takardar tambayoyi da Faransanci a zuba a jakar yara. Wannan an yi ba a yi ba. Wata takardar za ta ƙare a ƙunshin gyaɗa, wata yaron zai cike da kansa a bakin hanya, wata kuma yayansa da ke kwaleji zai cike ba tare da ya tambayi kowa ba. Waɗanda za su dawo cikakku na ma'aikata ne da 'yan kasuwar da suka yi boko, wato mutanen da dama suna zuwa taro suna kuma magana. Haka ma zauren WhatsApp na aji. Yana da amfani wajen tunatar da rana, amma ba ma'aunin ra'ayi ba ne: wayar ta maigida ce, uwa ba ta ciki, wanda ba shi da kuɗin intanet ba ya ciki, kuma ba mai aika saƙon murya yana kuka da malami alhali malamin na saurare. Masu son amfani da manhajar cike tambayoyi irin Google Forms ko KoboToolbox a wayar mai tambaya suna iya yi, yana sauƙaƙa ƙirga, amma tambayar kanta da baki za a yi ta, gida gida.

Ba sai an shiga kowane gida ba. A ɗauki misalin makaranta mai aji shida, daga SIL (aji ɗaya) zuwa CM2 (aji shida), kowane aji yara 90. Gida 15 daga kowane aji sun isa, jimla 90. Yadda za a zaɓe su ne abin lura. A buɗe rajistar aji, a rubuta lamba 1 zuwa 6 a guntayen takarda, wani uba ya ɗauki ɗaya a gaban mutane. Idan 4 ta fito, sai a ɗauki yaro na 4, na 10, na 16, a yi ta tsallake shida shida har ƙarshen rajista. Idan wa da ƙane suka fito a aji biyu, gida ɗaya ne, a ɗauki sunan da ke biye. Kada a bar darakta ko malami ya ce "je ku gidan wane, yana da fahimta". Da zarar an fara zaɓen masu fahimta, bincike ya zama zance da abokai. Idan an je ba a samu kowa ba, a koma sau biyu a lokuta daban kafin a canza gida, domin gidan da ke wuyar samu, na mai kamun kifi a Binuwai ko na mai bin kasuwannin ƙauye, shi ne dama gidan da taro ba ya gani. A ƙara kuma gida goma daga cikin waɗanda yaransu suka daina zuwa bana ko bara. Sunayensu na nan a tsohuwar rajista. A bakinsu ake jin abin da sauran ke ɓoyewa.

Sai wanda zai yi tambayar. Ba malami ba, ba ma'ajin APEE ba, ba kuma ɗan aiken lawan ko jauro ba. Malami in ya tsaya a ƙofar gida, uba zai ce komai lafiya lau saboda ɗansa na hannunsa. Ma'aji in ya zo, za a ɗauka bashin kuɗin makaranta ya biyo. A nemi mutum shida, uku mata uku maza, masu iya karatu da rubutu, waɗanda unguwa ta sani ba ta kuma jin tsoronsu. Inda ƙungiyar iyaye mata ta AME take aiki, daga cikinta za a samu matan. Wannan ba ado ba ne: a gidan kulle namiji ba zai wuce zaure ba, kuma uwa ce ta san ranar da yarinya ta ƙi tafiya makaranta da dalilin ƙin. A rabin gidajen a tambayi uwa, a rabin a tambayi uba ko mariƙi. Kowane mai tambaya gida 15 zuwa 17, biyar ko shida a yammaci ɗaya tsakanin la'asar da magariba, kwana uku an gama. Su lawan, jauro, liman da fasto a sanar da su tun kafin a fara, su faɗa a masallaci da coci cewa ba kuɗi za a karɓa ba, ba kuma rajistar tallafi ba ce. In ba a faɗi wannan na ƙarshen ba, wasu za su ƙara wa talaucinsu gishiri da zaton buhun shinkafa na tafe.

Yanzu tambayoyin, inda yawancin aikin yake lalacewa. Kada su wuce takwas, kada zaman ya wuce minti goma. Kuma a guji tambayar "kun gamsu da taron?" Bahaushe zai ce alhamdu lillahi, Bafillace zai ce "jam", kunya da kara ba za su bar kowa ya kushe wa baƙo a zaurensa ba. A ƙarshe a rubuta cewa kowa ya gamsu, alhali ba a ji komai ba. Mutanenmu ba sa son yanke wa wani hukunci a gabansa, amma ba sa ƙin faɗin abin da ya faru. Don haka a tambayi abin da ya faru.

"Taron da aka yi na baya, wa ya je daga gidan nan?" Idan ba wanda ya je, "me ya tsare ku ran nan?" A bar mutum ya faɗa da bakinsa, mai tambaya ya sa alama a inda amsar ta faɗa: ban ji labari ba, gona, kasuwa, rashin lafiya, ban biya kuɗi ba ina jin kunya, ba na jin yaren, ba amfani. Kada a karanta masa jerin, don zai ɗauki wadda ta fi sauƙin faɗa. "Ta bakin wa kuka ji labarin taron, kuma saura kwana nawa?" Nan za a gano ko saƙon bakin yara yana isa, ko sai daren taro yake isa. "Maganar da aka yi, kin ji duka, ko rabi, ko kaɗan? Da wane yare kika fi so a yi?" "A bana kin taɓa zama da malamin ajin ɗanki kun yi maganarsa shi kaɗai?" "Idan bulten, wato takardar sakamako, ya zo, wa ke karanta muku, kuma me ya ce game da yaron a karo na ƙarshe?" Wannan tambayar tana tona abubuwa, domin a gidaje da yawa yaron ne ke karanta wa iyaye sakamakonsa, kuma 7 bisa 20 a bakinsa ba ta da muni. "Kuɗin APEE na bara, faɗi abu ɗaya da kika san an yi da shi." Ba a ce "kin yarda da ma'aji?" ba, wannan neman faɗa ne. Idan mutum 60 cikin 90 ba su iya faɗin abu ɗaya ba, an san karatun lissafin da ake yi a taro ba ya shiga kunne. "Wace rana da wane lokaci za ki iya barin aikinki awa biyu?" Ta ƙarshe a buɗe take: "Da za a gyara abu ɗaya tak a taron, me za a gyara?"

Tambaya ɗaya, abu ɗaya. "Malami yana zuwa a kan lokaci kuma yana koyarwa da kyau?" tambayoyi biyu ne a riga ɗaya, wanda ya ce e ba a san wacce ya amsa ba. A kuma cire kalmomin da ke jan mutum, irin su "ba ki ganin ya kamata…". Mai ladabi zai bi ku duk inda kuka ja shi.

A rubuta tambayoyin da yarukan unguwar tun a takarda, Fillanci da Hausa, sannan Larabcin Shuwa ko Barbarci a wajen Kusiri da Mora, Mafa a Mokolo, Tupuri ko Masa a wajen Yaguwa. Idan aka bar kowane mai tambaya ya fassara daga kansa a ƙofar gida, mutum shida tambaya shida daban suka yi. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: wani ya juya zuwa Fillanci, wani daban da bai ga asalin ba ya maido da ita Faransanci, a duba ko ma'ana ta kauce. Sannan a gwada a gida biyar da ba sa cikin zaɓaɓɓu. Duk tambayar da sai an yi mata bayani sau biyu, a sake ta. Wanda ya fi sakewa da ajami a bar shi ya rubuta amsoshin da ajami, muddin akwai mai karantawa ranar ƙirga.

Ba a rubuta suna, ba a rubuta sunan yaro. Aji, da mace ko namiji, shi ke nan. A faɗa wa mutum haka tun a gaisuwa, a naɗe takardar a gabansa a jefa cikin kwali ko jakar da aka ɗinke bakinta. Jerin gidajen da aka zaɓa ya zauna a takarda daban, a yaga shi idan an gama. Unguwa ƙarama ce. Ranar da wata uwa ta ji malami ya maimaita wa ɗanta maganar da ta faɗa a tsakar gidanta, binciken ya mutu a makarantar har shekaru.

Lokacin yi ma yana da nasa hukunci. Ba a fafe gora ranar tafiya: a yi binciken mako uku kafin taron, don a samu mako ɗaya na yawo, ɗaya na ƙirga, ɗaya na gyara tsarin taron. Farkon komawa makaranta a Satumba ba lokaci ba ne, hankalin kowa na kan kuɗin littafi da riga, kuma iyayen SIL ba su ga komai ba tukuna. Daga nan zuwa Nuwamba masu gonakin karal, wato ƙasar laka, suna dashen muskuwari, dawar rani, masu auduga da gyaɗa suna shiga girbi. Bayan bulten na zangon farko, wato cikin Janairu, ya fi dacewa: iyaye sun ga sakamako, kuma akwai sauran zango biyu da gyara zai yi amfani kafin jarrabawar CEP ta kammala firamare da ta shiga ajin farko na sakandare. A duba watan azumi a kauce masa. A duba ranar kasuwa kuma, ga bincike da taron duka. Wanda ya sa taro ran Litinin a Marwa, ko Laraba a Mokolo, ko Lahadi a Pitowa, shi ya kori mutanensa da kansa. A Maris da Afrilu kuwa, lokacin da zafi ke haura 40 a Garwa, taron tsakar rana a ƙarƙashin kwano azaba ce.

Kuɗin aikin bai kai a kawo shi hujja ba. Shafi ɗaya ne, kwafi 110 har da na gwaji. Idan kwafi sefa 25 ne, 2,750 ke nan. Sai biro shida da ɗan kuɗin moto da ruwa ga masu yawo. A sa shi a kasafin APEE a fili kamar yadda ake sa alli.

Ranar ƙirga a zauna mutum uku aƙalla: uba ɗaya, uwa ɗaya, malami ɗaya, allo a gabansu. Ɗaya na karantawa, ɗaya na jan layi a allo biyar biyar, na uku na duba takardar. A ƙirga na mata daban, na maza daban, na gidajen da suka cire yara daban, kafin a haɗa. Sau da yawa a nan ake ganin maza sun ce safiyar Asabar, mata sun ce bayan azahar idan an sauke tukunya, kuma in aka haɗa tun farko wannan ba zai fito ba. A faɗi adadi kai tsaye, "38 cikin 90 ba su ji labarin taron ba", ya fi kashi cikin ɗari shiga kai. A kuma yi hattara da ƙaramin bambanci. Da gida 90, tsakanin 40 da 45 ba wani abu ba ne, wani zaɓen zai iya juya shi. Abin da ya kai a yi aiki da shi shi ne tazara babba, irin 60 da 20. Amsoshin tambayar ƙarshe a jera su tuli tuli a kan tabarma gwargwadon kamanninsu, tulin da ya fi tsayi shi ne farkon ajandar taro.

Za a samu takardun da suka kira sunan malami. Waɗannan ba a karanta su a bainar jama'a, taron iyaye ba kotu ba ce, kuma malamin da ke riƙe da yara 90, wani lokaci wata da watanni ba a biya shi ba, bai cancanci a tozarta shi da takarda marar suna ba. Darakta ya kira shi su biyu. Amma in maganar duka ce mai rauni, ko taɓa 'ya mace, ko karɓar kuɗi don a ba da maki, ba a jiran taro kuma ba a binne ta. Sashe na 35 na dokar 1998 ya haramta dukan ɗalibi da duk wani cin zarafinsa. A kai wa sufeto a makon.

Abin da binciken zai fi nunawa, a ganinmu, shi ne iyaye na son jin labarin ɗansu, ba na makaranta gaba ɗaya ba. To a nan sai an yi lissafi da gaskiya. Yara 90, kowane uba minti biyar, minti 450 ke nan, awa bakwai da rabi, ba malamin da zai iya a yini ɗaya. Mafita ita ce a raba babban taron kuɗi da zaɓe daga zaman aji. Zaman aji a yi shi rukuni rukuni, iyaye 15 a lokaci ɗaya na minti 40, malami ya nuna littafin yaro da hannunsa, ya nuna inda makin yake a bulten da abin da yake nufi, da yaren da suka zaɓa. Ganawar ido da ido a keɓe ta ga yara 15 ko 20 da suka fi buƙata, masu yawan fashi da waɗanda har yanzu ba sa haɗa baƙi, a yammacin Laraba biyu ko uku tunda ba karatu. Kuma a raba wannan gayyata da bashin kuɗi. Uban da bai biya ba shi ne ya fi buƙatar ganin malami, shi ne kuma ya fi gudun ƙofar makaranta.

A ƙofar fita ranar taron a ajiye ƙwarya uku a bayan zana, kowane mai fita a ba shi tsakuwa ɗaya. Tambaya ɗaya ce: yau ka ji wani abu game da ɗanka da ba ka sani ba? Ƙwaryar farko e, ta biyu kaɗan, ta uku a'a. A rufe bakinsu da faifai mai ɗan rami don kada na baya ya bi tulin na gaba. Minti biyar ake ƙirgawa, a rubuta adadin a littafin APEE don a gwada da na taro mai zuwa.

Saura abu mafi nauyi. Wanda ya tambayi mutum ya ɗauki bashi. A buɗe taron da sakamakon, kafin jawabi, kafin lissafi: ga abin da kuka ce, ga adadin. Sannan a ɗauki abu biyu ko uku kawai da za a iya, kowanne da sunan mai yi da ranar gamawa, a rubuta a allon ƙofar ofis. Abin da ya fi ƙarfin makaranta, kamar ƙarin malamai ko sabon aji, a faɗa ƙarara cewa ba a hannun darakta yake ba, a nuna wasiƙar da aka aika wa sufeto ko magajin gari da ranar da aka aika. Makarantar da ta san ba za ta dawo wa iyaye da amsa ba, gara kada ta aika kowa ƙofar gidansu.

Ku kuma sufetoci, ranku ya daɗe, roƙonmu gare ku biyu ne. Kada ku mai da wannan wata takarda da za a cike a aiko muku kafin ƙarshen wata, domin ranar da ya zama haka za a cike ta a ofis cikin awa ɗaya. Kuma kada ku jera makarantu ku ce wannan ta fi wannan da yawan gamsuwa, don daraktan da ya bari aka faɗi gaskiya shi zai zo na ƙarshe. Ku zaɓi makaranta uku ko huɗu a gunduma, ɗaya ta cikin gari, ɗaya ta ƙauye, ɗaya mai karatun safe da yamma, su gwada a Janairu mai zuwa. A taron daraktoci na zango na uku a ba kowannensu minti goma ya kawo takardar tambayoyinsa, adadin da ya samu, da allon alkawuransa.

Allah ya taimake ku, ya yi wa yaranmu albarka.

Wassalam.

Daga wasu tsofaffin malamai da iyayen yara, Garwa.